Surukina da Kwalaben Tsutsarsa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar wata Talata da hantsi Allah ya karɓi ran surukina, mahaifin maigidana, a ɗakinsa, a ƙauyenmu da ke tsakanin Ɗansoshiya da Ƙafin Maiyaki. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ba zan rubuta sunansa ba. Shekara goma sha tara ina gidansa, bakina bai taɓa kama sunan nan ba, hannuna ma ba zai kama ba. Baba nake ce masa, Baba zan ci gaba da cewa.

An taru, ba laifi. Maza sun cika ƙofar gida har gindin dalbejiya, mata sun cika tsakar gida har bakin madafi. Ni ce mai kai ruwa da ɗauke kwanuka, don haka babu abin da ya wuce kunnena. Kowacce ta shigo sai ta durƙusa gaban Inna, matarsa, ta ce ya haƙuri, ta faɗi alherinsa. Sai kuma ta rage murya ta ƙara wani abu a kai.

Wata dattijuwa da ta zo daga Bebeji ta ce, "Allah sarki, mutumin kirki. Sai dai ƙarshen nan da aka ce tsufa ya taɓa shi."

Ta kusa da ita ta ce, "Ai an ce har tsutsa yake kiwo a kwalba, yana ba ta abinci kamar akuya."

"To ai gata ne Allah ya yi masa. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, ba a rubuta masa zunubi."

Suka ce haka ne, suka shafa fatiha. Inna ba ta ɗago ba. Gwaggo, yayar Baba, wadda ta girme shi da shekara biyu, tana jingine da bango tana kuka tana faɗa da shi kamar yana gabanta. "Ɗan rigima. Ni ce babba, ni ya kamata in riga ka. Ko a nan ma sai da ka yi mini rashin kunya."

Ranar sadakar uku wani tsohon bafulatani, abokin Baba tun suna samari, ya iso daga wajen Doguwa a bayan babur. Ya shigo ya yi wa Inna gaisuwa, aka ba shi fura ya ƙi sha. Da zai fita ya tsaya a bakin zaure ya ce wa Yaya Babba, wato babban ɗan Baba, "Na ji abin da ake faɗa a waje. Ni dai na san mutumin nan shekara hamsin, ban ga ranar da hankalinsa ya tafi kiwo ba." Yaya Babba ya ce, "Baffa, a bar wannan maganar, addu'a yake buƙata." Tsohon ya dube shi, ya gyara sandarsa a kafaɗa, ya fita.

Saboda wannan nake rubutu. 'Ya'yana za su girma su ji ana cewa kakansu ya yi gigin tsufa, su ma su faɗa wa nasu. Baba bai yi gigi ba. Da hankalinsa ya rayu, da shi ya rasu. Na sani, kuma akwai ranar da aka tambaye ni.

Wanda bai san zaman suruka da suruki a wajenmu ba zai yi mamakin a ce mutum biyu sun shekara goma sha tara a gida ɗaya ba su yi hira ba. Gaisuwa ce kawai. In na ji tarinsa a zaure sai in shige ɗaki. In muka yi kiciɓis sai in durƙusa in sunkuyar da kai in ce ina kwana, ya amsa yana kallon wani waje. Amma Baba ya samo wa kansa hanya. In yana da magana da ni sai ya tsaya a tsakar gida ya faɗa wa iska. "A gaya wa mutanen ɗakin gabas hadari ya haɗo, akwai shanya a igiya." Ni kaɗai ce a ɗakin gabas. Wani lokaci tunkiyar Inna yake yi wa maganar, ya dafa bayanta ya ce, "Ke, kin ji an ce miyar yau ta yi daɗi?"

Satina na biyu a gidan na ƙona tuwo. Ba ƙaramar ƙuna ba, har maƙwabta sun ji ƙauri. Yarinya ce ni, fitowata daga sakandare ke nan a Tudun Wada, ban saba da tukunyar mutum ashirin ba. Gwaggo ta ɗanɗana ta ce, "'Yar Tudun Wada, wannan a aji nawa aka koya muku shi?" Matan gida suka yi ta dariya, ni kuma ina ɗaki ina kuka. Can sai ga kwanon Baba ya dawo daga zaure a suɗe, na ji muryarsa a tsakar gida yana cewa, "A gaya wa mutanen ɗakin gabas ni mai son ƙanzo ne, in da saura a ƙaro." Aka ƙara masa, ya cinye. Daga baya Inna ta gaya mini ko ƙanzon shinkafa ba ya ci, haƙoransa ba sa so.

Manomi ne, ba shi da wata sana'a. Da damina dawa da masara da wake, da rani kuma tumatir da albasa a fadama. Gandun gidan a hannunsa yake, shi ke cewa a shuka kaza a nan, a bar can ta huta, 'ya'yansa maza huɗu suna bin bayansa. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Ba ya shiga gona ya tsaya a tsaye. Tsugunawa yake yi ya riƙa juya ganye ɗaya bayan ɗaya. In yaro ya zo ya ce masa gona lafiya lau, sai ya ce, "Ka duba ƙasan ganyen?" Haka yake tambaya ko a kan neman aure, ko a kan sayen saniya. Mutanen unguwa kan kawo masa rikicin iyakar gona, kuma in liman ya yi tafiya shi ake turawa gaba.

Shekarun baya wani magani ya shigo kasuwa, a 'yar ƙaramar kwalba. Ba taki ba ne, ba kuma maganin ƙwari ba. Maganin girma ake ce masa. Ana ɗiga kaɗan a ruwa a fesa wa shuka, cikin 'yan kwanaki sai ka ga ta miƙe, ganye ya yi faɗi ya yi taushi, toho na bin toho. Yaya Babba ne ya fara kawo shi daga Ƙafin Maiyaki. Baba bai hana ba. Ya ce a gwada, amma a bar masa fangali biyu na tumatir a gefen rafi kada a fesa.

A wannan ranin ne kwalabe suka fara bayyana. Tsofaffin kwalaben zuma ne da na man shafawa, ya wanke su, ya ɗaure wa kowacce ƙyalle a baki. Ya jera su a inuwar rumbu, daura da madafi, inda nake ganinsu kullum in ina tankaɗe. Layi biyu ya yi. Na dama yana ba tsutsar ciki ganyen fangalinsa da ba a fesa ba, na hagu yana ba su ganyen da aka fesa. Tsutsar iri ɗaya ce, korayen nan masu cin tumatir, kuma rana ɗaya ya tsinto su suna ƙanana. Kullum in ya dawo daga masallaci da safe sai ya sauya musu ganye, ya ja layi ɗaya da gawayi a jikin rumbu.

Gwaggo ba ta bar shi ya huta ba. "Kai, ɗan nan, mutane na kiwon raguna kai kana kiwon tsutsa? Da Babbar Sallah wacce za ka yanka mana?"

Ya ce, "Mai ƙibar can na ware miki, Yaya. Ke da ba ki da haƙori, ita ce daidai ke."

"Allah ya shirye ka. Uwarmu dai ba ta haifi mahaukaci ba, sai dai in a hanya ka tsinta."

Wasa take yi. Tun suna yara haka suke. Ba ta san akwai masu ɗaukar kalmar su ajiye ba.

Ni kuma ina kallo. Na layin dama sun ci, sun yi saɓa, sun ƙara ci, da lokacinsu ya yi suka daina ci suka shige ƙasar da ya zuba musu a gindin kwalba suka kwanta. Bayan kwanaki suka fito da fukafukai, irin faɗa-wutar nan masu ruwan toka. Na layin hagu ba haka suka yi ba. Wasu sun ƙi kwanciya, 'yan uwansu sun daɗe da shigewa ƙasa su suna nan suna ci. Wasu sun kwanta ba su tashi ba. Biyu sun fito da fukafukai a cukurkuɗe kamar tsumman da aka matse, suna ta zagaye a gindin kwalba, ba su iya tashi ba. Baba ya sake tsinto wasu ya maimaita. Da damina ta zo ya koma kan wake, ya ce darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu manne wa toho, ta fi yawa a inda aka fesa, domin tohon ba ya ƙarewa.

Wata safiya na fito na tarar da kwalbar maganin, wadda ta ƙare, a ajiye a bakin ƙofata. Baba yana tsaye wajen turken tunkiya ya ba ni baya. Ya ce, "Ni ajami na iya. Da za a sami mai karanta boko ya duba mana abin da aka rubuta a jikin nan, da an taimaki tsoho."

Na shiga da ita ɗaki na karanta. Rubutun ƙanana ne, da Turanci, amma na gane. Kuma ya tuna mini da darasin bayoloji. Malaminmu ya taɓa gaya mana cewa kowace shuka tana da wani sinadari ɗan kaɗan da take yi da kanta, shi ke ba ta umarni: yi tsawo, yi fure, tsufa, zubar da ganye. Homon ya kira shi. Ya ce ƙwaro ma yana da nasa, shi ke gaya masa yaushe zai yi saɓa, yaushe zai daina ci ya kwanta, yaushe zai fito da fiffike ya yi ƙwai. Abin da ke cikin kwalbar nan irin na shukar ne, aka haɗa shi aka ɗura. Malamin bai gaya mana abin da zai faru ba in tsutsa ta ci ganyen da aka ƙara masa wannan abu. Amma tsutsa ba ta da abinci sai ganyen, da shi take gina jikinta. In umarnin da ke cikin ganye ya sauya, tambayar ko nata ma zai rikice tambaya ce ta mai hankali. Ita Baba yake yi, da kwalba da gawayi, shi da bai taɓa zama a aji ba.

Na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina. Na je na zayyana wa Inna duka, don ta kai masa. Ta saurare ni tana tsinkar zogale, ta ce, "Oh ni, wannan dogon karatu wa zai riƙe?" Da Baba ya shigo ina jinta ta ce masa, "Ta ce maganin girma ne." Sai ya ce, "Wannan ai na sani." Iyakar abin da ya isa gare shi ke nan. Na gaya wa maigidana da yamma, ya ce, "Don Allah kada ki ƙara wa tsohon nan ƙarfi. Yaya yana fama da shi, ke kuma ki shigo da bayoloji."

Rikicin ya fashe ne a farkon rani na biyu, a fadama. Ban je ba, maigidana ne ya ba ni labari, yana yi yana haushi. Yaya Babba ya haɗa ruwan feshi zai bi gonar gaba ɗaya, Baba ya riƙe igiyar famfon feshin. Ya ce a fesa rabi a bar rabi, a ƙara shekara ɗaya ana dubawa. Yaya Babba ya ce, "Baba, kai da bakinka ka ce wasu mutuwa suke yi. To ba shi ke nan ba? Tumatir ya girma, tsutsa ta mutu."

Baba ya ce, "Wadda ta mutu sai da ta ci rabon biyu kafin ta mutu. Kuma tsutsa kaɗai ke zuwa gonar? Ƙudan zuma fa? Masu cin tsutsar fa? Abin da ya hana wannan tashi, ka san abin da yake yi wa sauran?"

"Kowa a fadamar nan yana fesawa."

"Kowa ya duba?"

Maƙwabtan gona suka taru suna kallo. Wani ya yi dariya ya ce, "Malam, a kai tsutsar asibiti mana a auna ta." Yaya Babba mutum ne mai zuciya, ba ya son a yi dariya da gidansu. Ya fizge igiyar. Baba ya yi taga-taga ya zauna a cikin fangali, rigarsa ta jiƙe da laka. Haka ya dawo gida, bai yarda kowa ya ɗauko shi a babur ba.

Bayan kwana uku Yaya Babba ya tara gida. Bayan la'asar ne, a tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi. 'Ya'ya maza huɗu, da Inna, da Gwaggo, da wani ƙanen kakansu da aka ɗauko don ya zama shaida. Mu matan 'ya'ya kowacce tana ɗakinta, labule a sake, amma babu wadda ba ta ji. Yaya Babba ya yi magana da ladabi, wannan ba zan hana shi ba. Ya ce Baba ya yi musu komai, lokaci ya yi da zai huta. Ya ce mutane sun fara magana, ana cewa tsohon gidan kaza yana hira da tsutsa. Ya ce gandu ba zai zauna a hannun wanda tunaninsa ya fara rauni ba, bakin mutum talatin ne a kansa.

Baba ya bar shi ya gama. Sannan ya ce, "In gandu kuke so, ku ce gandu kuke so, zan ba ku. Amma kada ku ce hankalina." Ya sa aka ɗauko kwalabe biyu ya ajiye a gaban tsohon da aka kawo shaida. Tsohon ya leƙa, ya ja da baya, ya ce a'uzubillahi. Wani cikin ƙannen ya ƙunshe dariya.

Sai na ji Baba ya ɗaga murya. "A ɗakin gabas akwai wadda ta yi makaranta. Ta karanta kwalbar. Kullum tana wajen nan tana gani. A tambaye ta, abin da nake yi aikin hauka ne ko akwai shi a karatu?"

Shekarata goma sha shida a gidan a lokacin, bai taɓa neman komai a wajena ba sai wannan. Gwaggo ta taso da ƙyar ta ɗaga labulena. "'Yar Tudun Wada, kin ji. Me kika ce?"

Ta gefen labulen na hango maigidana. Bai harare ni ba, kallona kawai yake yi. Na hango ƙeyar Yaya Babba. Na tuna cewa suruka ba ta ɗaga murya a gaban suruki, balle a taron maza, balle ta ƙaryata wan mijinta. Na tuna za a ce boko ya fitsare ni, a kai maganar har Tudun Wada wajen mahaifiyata. Duk wannan gaskiya ne, haka aka tarbiyyantar da mu. Amma Baba da kansa ya buɗe mini ƙofa, kuma Gwaggo a bakin ƙofar take, raɗa kawai zan yi mata. Ba sai na yi dogon bayani ba. In ce akwai shi a karatu, ya isa.

Na ce, "Gwaggo, ni ban san komai a kai ba."

Ta saki labulen ta juya ta ce, "Ta ce ba ta sani ba."

Ban ga fuskarsa ba. Muryarsa na ji, a hankali, ya ce, "To. Shi ke nan." Aka yi addu'a aka tashi.

Washegari da safe ya kwance ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, ya kai kwalaben bayan gida ya juye su a gindin shinge. Ya wanke su tas ya kife a bakin madafi, ya ce wa iska, "Ko za a zuba daddawa." Ya ɗebo ruwa ya goge layukan gawayin da ke jikin rumbu.

Ba zan ce gonar ta lalace ba, don ba ta lalace ba. Tumatir ya yi kyau a shekarar, Yaya Babba ya sauya babur, aka yi wa zaure rufin kwano. Tsutsa ma ta zo, aka ƙaro maganin ƙwari aka fesa, da ta dawo aka sake ƙarowa. Ko maganin girman ne ya jawo, ko ba shi ba ne, ban sani ba, wannan karon da gaske. Wanda zai gano mana an riga an zaunar da shi.

Abin da na gani da idona shi ne abin da ya sami Baba. Magana ta fita cewa gidansu da kansu sun tabbatar, har surukarsa mai ilimin boko an tambaya. Masu rikicin iyaka suka daina zuwa. Liman ya yi tafiya aka tura wani gaba, Baba yana sahun farko. Da aka zo auren 'yar Yaya Babba, jikarsa ta fari, aka ce kada a wahalar da shi, wani ya karɓi waliccin. In ya yi magana a zaure sai a ce "haka ne, Baba" da irin muryar da ake yi wa yaro, a ci gaba da hirar da ake yi. Gwaggo ta daina tsokanarsa. Ta koma yi masa sannu, tana tambayarsa ko ya gane ta. Ina jin wannan ya fi komai ci masa rai. Wata rana ya ce mata, "Yaya, ki zage ni mana." Ta fashe da kuka ta ce wa Inna, "Kin ji ko? Abin yana ƙaruwa."

Ni kuwa bai sauya mini ba. Hadari in ya haɗo yana sanar da mutanen ɗakin gabas. Da na haifi autana ya aiko da zuma. Da ya yi fushi da ni da na sami sauƙi.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba, sati uku ne. Wata safiya Inna ta tafi kai wa Gwaggo magani, mazan suna fadama, kunun Baba yana hucewa a hannuna babu mai kai masa. Na yi sallama na shiga, karo na farko da na taka ɗakin. Na ajiye kofin, na durƙusa, na kasa tashi. Na ce, "Baba, ranar nan ƙarya na yi. Akwai shi a karatu."

Ya juyo da kansa ya dube ni, ya ce, "Ke." Bai taɓa ce mini ke ba. "To me ya sa take ƙin kwanciya?"

Ban gane ba da farko. Ashe tsutsar yake nufi. Shekara uku tambayar tana cikinsa. Na gaya masa duk abin da malaminmu ya ce, na shuka da na ƙwaro, da abin da ke rubuce a kwalbar, da inda sanina ya tsaya. Yana ji yana gyaɗa kai. Ya ce, "Wato ita ma akwai mai gaya mata lokaci a cikinta. Allah mai iko." Ya yi murmushi, ya ce, "Da na san haka da na raba su tun suna ƙwai, ba sai sun ƙyanƙyashe ba." Ya sha kunun kaɗan. Da zan fita ya ce, "Ki gaya wa yayanku. Ba don gonar ba."

Kwana huɗu bayan nan ya rasu. Ban gaya wa Yaya Babba ba a kwana huɗun, na ce sai Baba ya ji sauƙi. Ban faɗa ba ranar rasuwa, ina zuba wa masu cewa ya yi gigi ruwan sha. Ban faɗa ba ranar uku, ko ranar bakwai.

Sai ranar arba'in. Bayan an watse, Yaya Babba ya shigo yi wa Inna sallama, maigidana yana bayansa, Gwaggo tana zaune a kan turmi. Na fito na durƙusa a gefe, na ce ina da saƙo daga Baba. Na faɗi duka, tun daga kwalbar da aka ajiye a ƙofata har zuwa safiyar kunu. Na ce Baba da hankalinsa, abin da yake yi shi masu ilimi suke yi, kuma ni na sani tun ranar da aka tara gida.

Gwaggo ta ɗora hannu a ka. Maigidana ya sunkuyar da kai. Yaya Babba ya daɗe yana kallon rumbun, idonsa ya kaɗa. Na zaci zai yi faɗa, ko ya ce a yafi juna. Sai ya ce, "Ni jahili ne, aji uku na yi na fita. Abin da na gani shi na ɗauka. Ke da kika sani, aka tambaye ki a gaban kowa, me ya hana ki faɗa?"

Ya sa takalminsa ya fita. Har yau ban sami amsar da zan ba shi ba, kuma a masallaci da kasuwa maganar tana nan yadda take.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka, Kai ka san da hankalin da ya zo. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka ba shi matsayin masu lura da halittarka. Ka yafe wa 'ya'yansa. Ni kuma ban roƙi gafararsa ba a safiyar kunun nan, bayani na tsaya yi har lokaci ya ƙure. Ka sa ya yafe mini.